Bazarar da Na Kurumce

Ina ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata sanƙarau ya kama ni. Bazara ce mai zafi, a shekarun farko da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, lokacin da kowace unguwa a Daura sai an buɗe sabuwar Islamiyya, walimar sauka kuwa kusan kowane mako. A wajen irin waɗannan walimomi aka san ni. Tun ina ƙarama nake da murya. Idan taro ya cika, ni ake miƙa wa makirfo in buɗe da karatu, sannan in ja waƙar bege sauran ɗalibai su amsa. Mata kan tare Inna a hanya su ce, "Ke dai kin haifi 'ya." Ban taɓa ɗaukar muryar nan a matsayin kyautar da aka yi mini ba. Gani nake tawa ce, kamar yadda yatsuna suke nawa.

Da ciwon kai ya fara, ranar wata Alhamis bayan an tashi makaranta. Kafin Asabar wuyana ya sanƙare, ko sunkuyawa ba na iya yi. Na tuna an saka ni a motar wani maƙwabcinmu, kaina a kan cinyar Inna, daga nan ban ƙara sanin komai ba. Kwana tara na yi a asibiti ban san inda kaina yake ba.

Ranar da na farfaɗo, fuskar Inna na fara gani. Bakinta yana motsi, hawaye na zuba, amma ba na jin komai. Na dubi sama, fanka tana juyawa ba ƙara. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa, farantin ƙarfe ya kuɓuce mata ya faɗi ƙasa, kowa a ɗakin ya zabura ban da ni. Na buɗe baki na kira Inna. Na ji maƙogwarona ya girgiza, na ga ta amsa, amma muryar tawa ba ta iso kunnena ba. Daga baya likita ya rubuta mini a takarda cewa ciwon ya taɓa jijiyoyin ji. Kunnen dama ya tafi. Na hagu, ya ce, sai abin da Allah ya yi.

Da aka sallamo mu gidanmu ya cika da 'yan barka da arziki. Kowa da abin da ya riƙo: lemo, madarar gwangwani, sabulu, wata ta kawo turmin atamfa, wata tsohuwa a lungunmu ta kawo ƙwan kaza guda biyu a ƙulle a bakin mayafinta. Sai su zauna su zuba mini ido, su girgiza kai, bakinsu na motsi. Cikin 'yan kwanaki na gane siffar kalma ɗaya a leɓɓansu saboda yawan maimaita ta: kaffara. Allah ya sa kaffara ne. Inna takan zungure ni in yi godiya, ni kuwa sai in juya fuskata bango. Ba rashin kunya ba ne. Tsoron buɗe baki nake yi, don ban san ko ihu zan yi ko raɗa ba. Kuma, gaskiyar magana, ban ga abin godiya ba. Jarrabawar fita ta wuce ina kwance. Ƙawayena sun zo sau ɗaya, sau biyu, suka gaji da magana da hannu. Duk abin da aka ajiye a gabana, gani nake kamar ana biyana diyyar abin da ba ya biyuwa.

Ana cikin haka Kawu ya zo. Yayan Inna ne, yana zaune a wani ƙauye wajen Mashi, sana'arsa fataucin dabbobi. Rabin rayuwarsa a kan babur take, daga wannan kasuwar kara zuwa waccan, har tsallaken iyaka. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Ya shigo da jarkar nono da ƙwaryar man shanu, sannan ya kwance wani ƙunshi daga bayan babur ya dire a gabana. Littattafan rubutu ne guda goma sha biyu, irin na ƙasar Nijar, masu layuka a gicciye kamar gidan dara, ya sayo su a Kongolam da ke bakin iyaka, da biro cike da leda.

Inna ce ta gaya mini daga baya abin da suka yi da shi a tsakar gida.

"Yaya, me za ta yi da littattafai? Makarantar ai ta ƙare."

"Kunnenta ne ya mutu, ba hannunta ba," in ji shi. "Ku kuna so ku yi mata magana, ita ma tana so ta yi muku. To ga hanya. Ni da ban iya ba ma na san wannan."

Shi kansa bai bukaci littafin ba. Mutumin da ya saba ciniki da Buzaye da Fulani da Zabarmawa a kasuwa mai hayaniya, hannunsa ya fi bakinsa iya magana. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarmata, bai girgiza kai ba, bai yi mini kallon tausayi ba. Sai ya ɗora yatsu biyu a ka ya yi ƙaho: saniya. Ya nuna ƙirjinsa: tasa ce. Ya naɗa rawani a iska ya rufe rabin fuska: wani mutumin tsallake ya saya. Suka tafa, ya ja ta da igiya ya tafi arewa. Kawu ya kwantar da kai a tafin hannu sau uku, kwana uku ke nan, ya tashi, ya mutsuke ido, ya zabura: ga saniya a bakin garke tana tuƙa. Ya kama ta, ya mayar wa mai ita. Ya sake kwana uku. Ya sake zabura, wannan karon ya ɗaga yatsu uku: ta dawo, kuma ta taho da biyu daga cikin shanun mutumin. Yadda ya kwaikwayi tafiyar saniyar, tana rangaji tana waiwayen ƙawayenta, ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Inna ta fito daga ɗakin girki da muciya a hannu ta tsaya tana kallona. Wannan ce dariyata ta farko tun da na dawo.

Littafin farko ya zama bakin gidanmu. Inna ba ta iya rubutu sosai ba, sai dai ta zana tukunya ko tsintsiya, ko ta ja ni da hannu. Wanda ban taɓa zato ba shi ne ya fi kowa amfani da shi, wato Baba.

Baba malamin zaure ne. Manyan mutane ke zuwa ɗaukar karatun fiƙihu a wurinsa da hantsi da kuma bayan la'asar. Mutum ne mai ƙarancin magana a cikin gida. Na yi shekara goma sha takwas a gabansa, amma zan iya ƙirga lokutan da muka yi hirar da ta wuce gaisuwa da aike. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Wata rana da ya sallami masu karatun hantsi, ya shigo ya zauna a kan turmi kusa da ni, ya ɗauki littafin ya rubuta da ajami: "Uwata, yaya ƙarfin jiki?" Ajamina na makarantar allo ne, da ƙyar na haɗa baƙaƙen. Na amsa masa da boko. Shi ma bokonsa na yaƙi da jahilci ne, ya bi harafi ɗaya-ɗaya da yatsa. Muka dubi juna, kowa ya ga wahalar da ya ba ɗan'uwansa, ya yi murmushi.

Daga ranar kullum sai ya zo. Yakan rubuta mini abin da ya faru a zaure, wanda ya zo da tambaya kan rabon gona, wanda ya yi gyangyaɗi ana tsakiyar karatu har rawaninsa ya kwance. A takarda na gane Baba yana da barkwanci. Na san da ban kurumce ba, da wataƙila har ya bar duniya ban san wannan ba.

Da damina ta sauka, zaman ɗaki ya ishe ni. Wata rana na ɗauki littafi na biyu na fara rubuta labarin saniyar Kawu, don kawai in ga ko zan iya mayar da motsin hannunsa kalmomi. Na fara da niyyar shafi ɗaya. Sai na ga mutumin tsallake yana bukatar mata wadda za ta yi masa gori, saniyar tana bukatar dalilin da ya sa take dawowa, hanya tana bukatar rafi da ma'aikatan iyaka da za su tsaya suna kallon shanu uku sun wuce ba makiyayi. Abin mamaki, ina rubutu ina jin muryoyinsu a cikin kaina tangaram, kowa da irin tasa. Tun da na farfaɗo ban ji wani sauti ba sai wannan. Na cika shafi goma sha huɗu cikin mako guda. Na fara labari na biyu, na wata mai sayar da fura a tashar Dutsi. A bayan littafin kuma, inda nake zaton ba mai dubawa, nakan rubuta abin da ke cina a rai.

Ɓoye littafin nake yi a ƙarƙashin katifa, kuma da dalili. A lokacin ana ta wa'azi a kan littattafan hikaya, ana cewa su ke ɓata tarbiyyar 'yan mata. A makarantarmu idan aka kama ki da ɗaya, bulala ce a gaban asambuli. Wasu daga cikin masu wannan wa'azi a zauren Baba suke ɗaukar karatu. To ga 'yar malam da kanta tana ƙaga labari.

Rannan na fito daga wanka na tarar da shi a kan turminsa, littafi na biyu a hannunsa. Inna ce ta fitar da katifa shanya, ta ga littafi, ta ɗauka na hirarmu ne ta miƙa masa. Bai ɗago ya dube ni ba. Ya rufe, ya saka a aljihun rigarsa, ya fita zaure. Kwana uku bai zo hira ba. Ina ganinsa yana wucewa alwala, in gaishe shi ya ɗaga hannu. Abinci ma kasa ci na yi. Ba labarin saniya ne ya fi damuna ba, abin da na rubuta a shafin baya ne.

A rana ta huɗu da hantsi ya shigo da littafin da wata baƙar leda. Ya zauna, ya buɗe labarin saniya, ya nuna mini gefen shafi na goma sha uku. A nan na rubuta cewa mai saniyar ya riƙe shanu biyun da suka biyo ta, ya ce rabonsa ne ya tsaga. Baba ya ja layi a ƙarƙashi, ya rubuta da ƙananan baƙaƙensa: "Dabbar da ta ɓato ba ta zama ta wanda ta shigo garkensa. Sai ya yi cigiya ya mayar. Kada ki mai da kawunki ɓarawo." A ƙarshen labarin mai fura, wanda ban gama ba, ya rubuta kalma biyu: "Ina sauran?"

Na ɗago na dube shi. Fuskarsa ba dariya. Ya juya zuwa shafin baya, ya ɗora yatsa a kan layin da nake tsoro. Ga abin da na rubuta: "Idan za a karɓe, me ya sa aka ba ni tun farko? Da ma an bar ni na tafi."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya kwance ledar nan ya fito da farin yadi sabo fil, a ninke, ko wanki bai taɓa gani ba. Ya ajiye shi a kan cinyata. Ya ɗauki biro ya yi ta rubutu, ya fi kowace rana daɗewa. Har yanzu shafin yana wurina.

"Uwata, ranar da kika kwana bakwai a asibiti, likita ya kira ni gefe ya ce mu yi ta addu'a. Na gane abin da yake nufi. Na fita na shiga kasuwa na yanko wannan. Ban gaya wa innarki ba. Na je na yi magana da masu haƙa kabari. Na zaɓi wanda zai yi miki salla, don na san ni ba zan iya tsayawa ba. Bayan kwana biyu aka aiko kin buɗe ido. Ke kina lissafin abin da aka karɓe miki, kuma ban hana ki kuka a kansa ba, abin kuka ne. Ni kuwa kullum na shigo gidan nan na gan ki zaune, abin da aka ba ni nake gani. Muryar nan ba ke kika yi ta ba, ba ni na yi ta ba. Wannan da ke cikin littafin ma ba ke kika yi shi ba. Wanda ya ba ki waccan shi ya ba ki wannan. Kada ki rubuta ƙarya a kan mutum, kada ki rubuta abin da za ki ji kunyar innarki ta ji. Ban da wannan, ki rubuta."

Na riƙe yadin nan na yi kuka irin wanda ban yi ba tun a asibiti. Inna ta fito a rikice. Baba ya gaya mata ko mene ne, ta zauna a ƙasa daɓas, ta kama ƙafata ta riƙe kamar wani zai ƙwace ni. A ranar aka aika da yadin masallacin unguwa sadaka, don a ajiye wa duk wanda Allah ya yi wa cikawa ba shi da hali.

Washegari na ce wa Inna ta raka ni gidajen mutanen da suka zo duba ni. Na faɗa da bakina, ta nuna mini da hannu in rage murya kaɗan, na rage. Mun yi kwana huɗu muna zagaye. A kowane gida in durƙusa in ce na gode, Allah ya saka da alheri, Inna tana taɓa gwiwata idan na cika ɗaga murya. Tsohuwar nan mai ƙwai biyu, da muka shiga ɗakinta na ga kaza ɗaya tal gare ta. Ta rungume ni, ta sa bakinta daidai kunnena na hagu ta yi magana da ƙarfi. Ban ji kalmomin ba, amma na ji wani abu kamar ƙugin mota daga nesa. Wannan ne alamar farko cewa kunnen bai mutu gaba ɗaya ba.

Bayan girbi Kawu ya dawo. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ce masa ya zauna akwai abin da za a karanta masa. Na riga na gyara shafi na goma sha uku. Baba ya sa tabarau, ya fara karanta bokona a hankali, ni kuwa fuskar Kawu nake kallo. Da farko yana gyaɗa kai. Da aka zo inda na sa shi ya zame a taɓo yana bin saniya, ya miƙe tsaye yana kaɗa hannu. Daga baya Inna ta gaya mini cewa yake, "Wallahi ban faɗi ba! Malam, 'yarka ta yi mini ƙage a gabanka kana karantawa!" Baba ya ce masa, "Zauna, ai ba a ambaci sunanka ba." Ya zauna yana ƙunƙuni. Kafin a kai ƙarshe yana share hawayen dariya da bakin rawani. Daga baya muka ji cewa a kara, idan yana ba da labarin saniyar, har da zamewar a taɓo yake faɗa, da matar mutumin tsallake da gorinta, ya rantse haka aka yi.

Na cika littattafan nan goma sha biyu kafin shekara biyu. Kawu ya ci gaba da kawo wasu duk zuwansa, bai taɓa tambayata ko na ƙarar da na baya ba. Na rubuta jarrabawar da ta wuce ni, na ci. Daga baya aka samo mini na'urar da ake maƙalawa a kunne, ina jin magana idan mutum yana kusa kuma yana fuskantata. Waƙa dai ban koma ba. Na gwada sau ɗaya, na ga yadda Inna ta kau da kai, na gane muryar ba ta tafiya inda nake aika ta. Har yau idan na wuce inda ake walima na ga yarinya riƙe da makirfo, zuciyata takan motsa. Sai in tsaya in yi mata addu'a in wuce.

Baba bai ga littafina na farko a buge ba, ya rasu saura 'yan watanni ya fito. Amma ya karanta shi tun yana rubutun hannu, kuma gyare-gyarensa suna ciki, har da wani wuri da na rikita rabon gado ya warware mini. Ranar da kwafin farko ya iso, na hau mota daga gidan mijina na kai wa Inna. Ta goge hannunta a zani kafin ta karɓa. Ta juya shi gaba da baya, ta shinshina takardar, ta ce in nuna mata inda sunana yake. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta tashi ta buɗe kabad ɗin da take jera kwanukanta na aure, waɗanda ba a cin abinci a cikinsu, ta buɗe babbar kwalla ta sa littafin a ciki ta rufe.

Ta dawo ta tsaya a gabana daidai inda zan ga bakinta.

"Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan Malam," in ji ta. "Tunda kin zo, ɗauko tire ki tsince mini shinkafar nan, idona ba ya ganin tsakuwa yanzu."

Na cire mayafi na ɗauko tire, muka zauna a inuwa.